Yaushe Rabonki Da Maigida?

Shekarar da na fara aikin tafinta ina da shekara 23, ban yi aure ba, kuma kaf layinmu a Sharar Mansur da ke Makka an san ni da baki. Larabci a makaranta da titi na tsince shi, Hausa kuwa a nono na sha. Don haka da wata ƙawar Inna ta zo da labarin ana neman 'yan mata masu jin harsunan biyu su taimaka a wani ƙaramin asibiti lokacin aikin Hajji, ko shawara ban tsaya yi ba. Me zai gagare ni? Mura ce, da kumburin ƙafa, da zazzaɓi, da tarin da alhazai ba sa rabuwa da shi. Kwana huɗu ina fassara ina jin kaina.

Rana ta biyar aka shigo da wata Hajiya, daga jin Hausarta ka san Bakatsiniya ce, tana fama da ciwon mara. Likitar wata Bamisiriya ce mai saurin baki. Ta yi tambaya biyu uku, sannan ko ɗago kai daga takarda ba ta yi ba ta ce mini in tambaye ta yaushe ne ƙarshen jima'i. Haka ta faɗi kalmar, kamar mai tambayar ƙarfe nawa.

Na dubi Hajiya, sa'ar Inna ce ko ma ta girme ta. Yawun bakina ya ƙafe.

"Hajiya, likita na tambaya, wai yaushe rabonki da maigida?"

"Alhaji? Ai yanzun nan muka rabu, yana nan waje kan benci riƙe da jakata."

"A'a Hajiya, wai... saduwa. Yaushe kuka sadu?"

"Yo bayan azahar mana, a ƙofar Harami, inda muka yi alkawari."

Likita ta fara buga biro a kan tebur. Hajiya ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, ta ce, "'Yar nan, kin yi aure kuwa?" Na ce a'a. Ta ce, "To kira mini babba."

Akwai wata dattijuwa 'yar unguwarmu da ke shara a wurin. Na fita na rarumo ta da tsintsiyarta a hannu. Ta jingine tsintsiyar, ta zauna kusa da Hajiya, suka gaisa a tsanake kamar ba wanda ke jira, sannan ta rage murya ta ce, "Yaya, kwana ake tambaya." Hajiya ta ce, "Kwana? Ai na bar wa amarya kwanana yau shekara uku, tun da hawan jini ya kama ni." Shi ke nan. Sai daga baya na gane tun tambayar farko ta ji ni sarai. Ba kalmar ce ta ɓace mata ba, bakin da ya faɗa ne bai kai ba.

Daga ranar na sayi ɗan littafi na fara rubuta duk kalmar da na ji an kewaya da ita. Yau sama da shekara 20 ke nan, littafin ya zama uku, ni ma na zama babbar da ake kira.

Kalmar da ta buɗe bakin Hajiya ba wani asiri gare ta ba. Kwana dai kwana, dare ya yi gari ya waye. Da ita Bahaushe ke ƙirga lokaci, da ita yake gaisuwar safe, wanda ya mutu kwanansa ne ya ƙare, wanda ya tsira yana da sauran kwana a gaba. Amma ta shiga gidan da ke da mace fiye da ɗaya sai ta ɗauki wani kaya. Rabon kwana. Mai kwana. Kwana bibbiyu. Bakwai na budurwa, uku na bazawara, kamar yadda hadisi ya tsara. Har laifin ma da sunansa, satar kwana, kuma duk macen da aka taɓa yi wa ta san ba barci aka sace mata ba. Abin da Hajiya ta yi ma ba sabo ba ne, Nana Sauda ta riga ta, da ta manyanta ta bar wa Nana A'isha ranarta.

Girki ya fi kwana wayo. Ka tambayi yaro ɗan shekara biyar yau girkin wa, zai ba ka amsa daidai, shi yana nufin wadda za ta tuƙa tuwo, manyan da ke wurin kuma suna jin abin da suke ji. Magana ɗaya, kunne biyu, ba wanda aka yi wa ƙarya. Ta karɓi girki, ta fita girki, ya hana ta girki. Sai turaka, sai shimfiɗa: ta ƙaurace wa shimfiɗarsa, ba ya ba ta haƙƙin shimfiɗa. Wannan ta ƙarshen Larabawa ma suna da ita, firashi, kuma a kanta hukuncin nan ya zauna cewa ɗa na mai shimfiɗa ne. Duk cikinsu ba wadda ta kama sunan abin. Lokacinsa ake faɗa, ko ɗakinsa, ko aikin gidan da ke maƙwabtaka da shi.

To ita jima'in da likita ta jefo mini fa? Na daɗe ina ɗaukarta ita ce sunan yanka, sauran duk laƙabi. Ashe ita ma laƙabi ce da ta tsufa. Tushenta haruffa uku ne, jimun da mimun da ain, ma'anarsu tarawa. Daga nan jama'a ta fito, da Juma'a, da jam'i, da jami'a, da jam'iyya, da ijma'in malamai. Wato kalmar da ke sa budurwa ta rasa inda za ta sa kanta uwa ɗaya uba ɗaya suke da ranar da muka fi girmamawa. Haɗuwa kawai take nufi. Bahaushe da ya ce "ya tara da iyalinsa" bai ƙara komai ba, bai rage ba, tara ɗin nan ce ta taro da tattarawa. Saduwa kuma 'yar'uwar sada ce, ta sada zumunci, wadda yanzu muka laƙaba wa Facebook da ire-irensa. Har Turawa da na ɗauka ba su san kunya ba, kalmar da likitocinsu ke rubutawa, coitus, daga Latin take, kuma asalinta tafiya tare ne, haɗuwa. Kowa dai ya zo bakin ƙofar nan sai ya ce an haɗu, ya ja labule.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Alƙur'ani bai yi amfani da kalmar jima'i a wannan ma'ana ba ko sau ɗaya. Wannan Baba ne ya nuna mini, Allah ya jiƙansa, bayan na yi aure ya ga ya halatta ya yi irin wannan karatu da ni, shi ma yana kallon bango. A Baƙara aya ta 187 rafasu aka ce, sannan aka ce mata tufa ne gare ku, ku ma tufa ne gare su, sannan aka zo da mubashara, daga bashara, fatar jiki. A aya ta 222 kusanta aka ce, a ta 223 aka kawo gona. A Nisa'i aya ta 21 wani ya isa zuwa ga wani ne, a ta 23 shiga ce, a A'arafi aya ta 189 lulluɓewa. Ita zina ma a Isra'i aya ta 32 cewa aka yi kada ku kusance ta. Tarjamar Malam Abubakar Gumi da ake bugawa a Madina ana raba wa alhazai, in ta zo kan rafasu sai ta ce jima'i, don mai karatu ya gane hukunci. Ka ga an ɗauko wata sakayar an buɗe wata da ita.

Akwai wani labari a tafsirin Ɗabari da nake so ƙwarai, watakila don mu Takari, 'yan Afirka ta Yamma mazauna Saudiyya, yana taɓa mu. A zamanin tabi'ai gardama ta tashi a kan ayar nan ta Nisa'i 43, wadda ta maimaitu a Ma'ida 6, inda aka ce ko kun shafi mata. Shafa wace iri? Larabawa suka ce ai kwanciya ake nufi. Mawali, wato waɗanda asalinsu ba Larabawa ba ne, suka ce a'a, shafa shafa ce. Cikin masu wannan ra'ayi har da Sa'idu bn Jubair da Aɗa'u bn Abi Rabah, baƙar fatar da ya zama muftin Makka. Aka kai magana gaban Ibn Abbas. Ya ce an rinjayi ɓangaren mawali, shafa da taɓawa da mubashara duk jima'i ne, amma Allah yana sakaya abin da ya so da abin da ya so. Ni dai in na karanta sai in ga kaina a asibitin nan: baƙo ya kama fatar kalma, ɗan gida ya ji abin da ke ƙarƙashinta.

Sai dai gardamar ba ta mutu ba, don Ibn Mas'ud da Ibn Umar suna tare da mawali, kuma har gobe tana biyo mutane cikin ɗawafi. Wajen Shafi'awa fatar namiji ta taɓa ta macen da ba muharramarsa ba alwala ta tafi. Hanafawa sun ce ba ta tafi ba. Mu Malikawa muka rataya abin ga jin daɗi, ko an nufe shi ko an same shi. Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson ɗawafin ifada ya san wannan ba zancen littafi ba ne. Kalma guda ce ke sa wata baiwar Allah ta fita neman famfo sau uku.

Yayana ya yi shekaru yana fassara wa alhazai a wuraren fatawa, kuma ya ce ba tambayar da ke ba shi wuya kamar ta mutumin da ya zo da harami a jikinsa yana sosa ƙeya yana cewa, "Malam, shaiɗan ne ya shiga tsakanina da iyali." Shehin zai ce me ya faru. Mutumin ya ce an samu kuskure. Wane iri? Ai dai an yi abin da bai kamata ba. Shi kuwa Shehi ba zai iya yanke hukunci a kan "abin da bai kamata ba" ba, don tsakanin sumba da cikakkiyar saduwa kafin Arfa akwai Hajji sukutum: wanda ya kai ƙarshe Hajjinsa ya ɓaci, sai ya ƙarasa shi a haka, ya yi hadaya, ya dawo ya rama. Mutum ya sayar da gona ya zo. Yaya ya ce a irin wannan wuri yake ajiye Hausar gida ya ɗauko ta zaure.

Hausar zaure ita ce wadda duk wanda ya bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ya sani. Malam yana zaune kan buzu, gaban magidanta da samari, wani lokaci har da surukinsa a ciki, yana faɗin farji da zakari da hashafa da maniyyi da maziyyi, ko gezau. Mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya tara hukunce-hukunce a jimla ɗaya a kan ɓoyuwar hashafa: tana wajabta wanka, da haddi, da sadaki, tana ɓata Hajji da azumi. Malamanmu suna fassara wannan layi ɗaruruwan shekaru ba wanda ya tashi daga karatu. Da a ce malam ya kuskura ya faɗi takwarorinsu na Hausa, waɗanda ni ma ba zan rubuta a nan ba don Inna tana sa jikoki su karanta mata abin da nake rubutawa, da zauren ya watse. Larabci ya zama mayafi. Kuma su kansu kalmomin sakaya ne a gidansu. Farji asalinsa ɓaraka ce tsakanin abu biyu. Zakari namiji kawai yake nufi. Al'aura kuwa wurin da ba shi da tsaro ne, shi ya sa munafukai a yaƙin Ahzab suka ce gidajenmu al'aura ne, suna neman hanyar guduwa.

A nan ne mu haihuwar Makka muka sha bamban da 'yan'uwanmu na gida, kuma na daɗe ban lura ba. Mayafin nan yana rufe wanda ba ya jin Larabci ne kawai. Bakano ya ce farji yana jin ya yi magana ta ilimi, ya sa riga da hula. Ni da na tashi ina jin 'yan tasi da yaran titi, kalmomin Larabci da yawa tsirara suke a kunnena. Abin da ya faru a gidajenmu shi ne aka juya mayafin. In matan unguwa suna hira a gaban maƙwabciya Balarabiya, ko a gaban yaran da Hausarsu ta yi rauni, da zance ya iso wurin nan sai a zame a koma Hausa. Za ka ji Larabci yana gudu, sai kawai "girki" ko "turaka" ta faɗo a tsakiya kamar dutse a cikin shinkafa, a yi dariya, a ci gaba. Su can suna ɓuya a bayan Larabci, mu nan muna ɓuya a bayan Hausa.

Larabawa dai sun tara kalmomin nan kamar masu shirin fari. Sa'alibi, wanda ya rasu a 429 bayan Hijira, ya ce a littafinsa Fiƙhul Luga sunayen abin za su kai ɗari, wasu na asali wasu na sakaya. Ibn Hajar a Fathul Bari ya ce Ibnul Ƙaɗɗa'i ya tara su suka haura dubu. Dalili a fili yake. Kowace sakaya in ta daɗe a baki sai ta koɗe kamar zanen da ya sha wanki, a fara hango abin da ke ciki, sai a nemo sabuwa a yafa a kai. Jima'i ta koɗe, aka koma mu'ashara. A Hausar rediyo saduwa ta fara koɗewa, yanzu sai ka ji mu'amalar auratayya, ko kwanciyar aure, ko raya sunna, ko biyan buƙata. Masu tallan maganin gargajiya da lasifika ne ke cinye kalmomin nan da wuri, Allah ya shirye su, kalma ba ta shekara biyu a bakinsu ba ta zama abin toshe kunne ba.

Sai kalmar da ban so in taɓa ba, amma barinta rashin gaskiya ne: ci. Wani Bafaranshe mai nazarin Hausa, Claude Gouffé, ya yi rubutu guda a 1966 a kan ci da sha kaɗai, don abin ya isa a yi. Muna cin abinci, mu ci kasuwa, mu ci jarrabawa, mu ci bashi, mu ci amana, mu ci gari da yaƙi. Sha kuwa yawanci na wanda abu ya faɗa wa ne, ya sha wuya, ya sha duka, ya sha kashi. Ci na mai rinjaye ne. To ita ce kalmar titi ta wannan al'amari, kuma ni ba ƙazantarta ce ta fi damuna ba, ginin jimlarta ne. Saduwa sai da "da", ya sadu da ita, ta sadu da shi. Tarawa ma haka. A Larabci jima'i da mubashara da mulamasa da mu'ashara duk daga ma'aunin fi'ili ɗaya suka fito, wanda malaman sarfu ke cewa na aikin da mutum biyu suka yi tarayya a cikinsa. Ci ba ta da "da". Akwai mai ci, akwai abin ci, kuma kowa ya san wa ake sa wa a wane gurbi. Littattafan fiƙihu ma suna da irinta, waɗ'u, wadda asalinta takawa ne da ƙafa. Na zauna da matan aure da yawa a ɗakin likita suna kuka, kuma tun kafin su gama bayani nakan gane mijin da "da" yake tunani ko babu. Zagin nan da uwa ke yi wa ɗan cikinta, na za ta ci ubansa, daga nan ya fito, ya dai koɗe ne har ba mai jin asalinsa.

Bari in ɗan sauka daga nan in ba ku dariya. Larabcin zamani da ya so fassara littattafan likitancin Turawa sai ya ɗauko jins, wadda muka ara muka ce jinsi, wato iri ko nau'i, masana harshe kuma suna danganta ta da genos ta Girkanci. Daga gare ta aka ƙera jinsiyya. Matsalar ita ce jinsiyya kuma ita ce takardar zama ɗan ƙasa, abin da dubban Takari a nan da Hausawan Sudan suka ƙare rayuwa suna bi. Wani kawunmu ya yi shekara 40 yana jiran ta ba ta zo ba. Ran nan na raka shi asibiti, ya tsaya gaban wani allo yana haɗa baƙi a hankali, an rubuta al-amradul jinsiyya, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Ya juyo ya ce, "Ke, ashe jinsiyyar ma cuta gare ta? To Allah na gode maka da ba su ba ni ba." Har ya rasu ban tabbatar ko da gaske yake ko shaƙiyanci ba ne.

Ɗaya kuma ba ta dariya ba ce sosai. Janaba da ajnabi tushensu ɗaya, janbu, gefe. Mai janaba an ce ya yi gefe da salla har ya yi wanka. Ajnabi, sunan da ke bin duk mai iƙama, wato takardar izinin zama, ko da kakarsa a maƙabartar Ma'ala ta Makka aka binne ta, shi ne wanda ke gefe. Shi mai janaba dai bokiti ɗaya ya ishe shi.

Kakata ta wajen uwa a ƙasa ta zo, ta Fallomi, wato N'Djamena ta yanzu, da Junaina, suka yi shekaru suna tsinkar auduga a Jazira ta Sudan kafin su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. Ƙanwarta ta tsaya a Mai Wurno, garin da ya kafu a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, shi ya sa har yau muna da dangi a can. Wata gwaggona daga cikinsu ta zo Umra na nuna mata littafina, ta juya shafi biyu ta ajiye. Ta ce ku dai kun cika surutu, mu a Sudan hayaƙi ke magana. Mace ta haƙa raminta, ta sa itacen ɗalhu, ta lulluɓa da bargo ta zauna a kan dukhan, ta murje da dilka, ta shafa humra. Maigida tun daga bakin layi ya ji saƙo, maƙwabta ma sun ji, ba wanda zai ce an ce. Budurwa kuwa ba ta zama a kan ramin nan sai aurenta ya matso. Na ce Gwaggo ai mu ma muna da turaren wuta da kazar amarci. Ta ce shi ne dai, me ya kai ki rubutawa?

Na so in bar zancen a nan, a kan ƙamshi. Amma akwai ranar da ta sa na daina ganin sakaya a matsayin ado zalla.

Wata mata ce, za ta yi shekara 30, ta zo daga gida aikatau, ba ta fi wata takwas ba a ƙasar. Aka kira ni in fassara mata a gaban wasu jami'ai, maza biyu da mace ɗaya. Ta gudo daga gidan da take aiki. Aka ce me ya sa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Maigidan ne ya ci mutuncina." Tafintan da ya fara yi mata kafin in iso, wani yaro haihuwar nan, ya riga ya fassara musu da cewa ya wulaƙanta ta, har an rubuta. Kuma bai yi ƙarya ba, cin mutunci wulaƙanci ne, wanda aka zaga a kasuwa ma an ci mutuncinsa. Saura kaɗan a rufe takarda a kan faɗan 'yar aiki da ubangida. Ni kuwa na ga yadda take murɗa bakin mayafinta har yatsunta sun yi fari.

Na roƙi mazan su ba mu wuri. Na ce, "'Yar'uwa, zagin ki ya yi?" Ta girgiza kai. "Duka?" Ta girgiza. "Neman ki ya yi?" Ta ɗaga kai. To nema ma kalma ce mai baki biyu, wanda ya yi tayi aka ƙi ya nema, wanda ya aikata ma ya nema. Na ce, "Ya nema kin ƙi ya ƙyale ki, ko ya fi ƙarfinki?" Ta ce, "Ya ɓata ni." Na riƙe hannunta na ce ta yi mini gafara, zan faɗi kalma, ita dai ta ce e ko a'a. Na ce fyaɗe. Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba, sannan ta ce, "Sau biyu." Da na juya wa jami'ar na ce igtisab, wadda asalinta ƙwace ne, sai ta yage takardar farko ta ɗauko sabuwa.

Kalmomi huɗu matar nan ta bi, ci mutunci, nema, fin ƙarfi, ɓatawa, kowace gaskiya ce, kowace kuma ƙofa ce da mai laifi zai iya fita ta cikinta. A daren na kasa barci na ɗauko Buhari. Ibn Abbas ɗin nan da ya ce Allah yana sakayawa, shi ne kuma ya ruwaito zuwan Ma'izu gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana iƙirarin zina. Annabi ya ce masa watakila sumba ka yi, ko ka taɓa, ko kallo ka yi. Ya ce a'a. Sai ya tambaye shi da kalmar kanta, mai ruwaya ya ƙara da cewa bai sakaya ba. Wurin hukunci ne, ran mutum ne a kan layi. Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Tun daga ranar, in na shiga ɗakin likita ko na hukuma da mace, nakan fara da girki da kwana kamar yadda dattijuwar mai shara ta koya mini, don da su baki ke buɗewa. Amma ba na fita sai na tabbatar abin da aka rubuta shi ne abin da ya faru.

A azumin da ya wuce 'yata tana haddar darasin fiƙihu a tsakar gida, da ƙarfi kamar yadda suke yi, tana jero abubuwan da ke ɓata azumi cikin Larabci, tana faɗin kalmar nan ko a jikinta, babanta na zaune yana gyara fanka. Inna tana gefe tana tsinkar zogale, kunnenta ya yi nauyi yanzu. Ta ce, "Me yarinyar nan take ta nanatawa ne?" Na ce ke faɗa wa Kaka da Hausa. Ta gyara tsayuwa ta ce, "Abubuwan da ke karya azumi, Kaka. Ci, da sha, da..." Sai ta tsaya. Ta dubi littafin, ta dubi babanta, ta dube ni. Shi kuma ya duƙufa a kan fanka kamar ranar ya fara ganin sukurudireba.

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Da na ukun. Wuce na huɗu."

Na tashi na ɗauko littafina na rubuta.